Jakar Da Yaya Babba Ta Zaɓa

Matso kusa, jawo kujerar nan ka zauna, ka ajiye wayar tukuna. Labarin wata mata zan ba ka, wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta a tsaye gaban teburin guga, da wata jaka mai taya da ta zaɓa da hannunta.

A gidan ana ce mata Yaya Babba, yara kuma su ce Gwaggo. Ita ce 'yar fari a ɗakinsu, Lauya mai gidan shi ne auta. Iyayensu sun rasu yana ɗan mitsitsi, ita ta goya shi, ta yi ta wanki da guga a gidajen mutane har ya gama karatu. Ta taɓa aure, bai je ko'ina ba, ba ta kuma haihu ba. Da Lauya ya gina gidansa mai bene sai ya ɗauko ta ya ba ta ɗaki a baya, jikin ɗakin wanki, ya ce ta huta haka nan. Ko mako ba a rufa ba ya leƙo da riga a hannu, wai mai wanki ya ƙona masa kwala, ko za ta ɗan duba. Tun daga ranar babu hannun da ya sake taɓa kayansa sai nata.

In ka shiga ɗakin wankin za ka tarar da tsohon bargo shimfiɗe a kan tebur, duk tabon dutsen guga, da kwalbar fesa ruwa, da rigunan Lauya jere a hanga kamar masu jiran a kira su. Ita kuma tana tsaye, ƙafafu a kumbure, tafin hannu ya yi sulɓi don zafi. Kada ka ɗauka saliha ce mai sunkuyar da kai. Bakinta ya fi dutsen gugar zafi. Mai aikin da ta ninke wando a karkace sai ta gwammace a mare ta da abin da za ta ji. Mutum ɗaya ne ba ta iya ɗaga wa murya, shi ne wanda har gobe take kira Auta, alhali furfura ta fara fito masa.

Wata rana ana cin abinci Lauya ya ce shi da abokan aikinsa za su tafi yawon hutu a jirgin ruwa. Sai an fara hawa jirgin sama zuwa bakin teku, sannan a shiga wani ƙaton jirgi mai benaye, inda kullum da yamma ake cin abinci cikin kwat, ana kallon kayan juna.

"Gurbi uku aka ba ni," ya ce. "Yaya za ta bi mu. Ba zan miƙa kwat ɗina ga wanda ban san hannunsa ba. An ce akwai ɗakin guga na fasinjoji."

Matarsa ta ajiye cokali. So take a ba ƙanwarta gurbin, kowa a gidan ya sani.

"Yayar da ko lifta ba ta yarda ta shiga ba, ita ce za ta hau jirgin sama?"

"In kwat zai hau, ni ma zan hau," in ji Yaya Babba.

Aka yi dariya, aka wuce wurin. Amma ita maganar ba ta wuce mata ba. Matar da iyakar tafiyarta kasuwa da asibiti, ga shi an ɗauke ta hoto an yi mata fasfo. Ta ciro wani yadi mai ruwan bula da ta daɗe tana ɓoyo a ƙasan akwati, ta tsallaka titi zuwa shagon Tela. Tela tsohuwar ƙawarta ce, irin ƙawancen da ba a rabuwa ba a kuma raga wa juna.

"Ki ɗinka min doguwar riga, ta shiga jirgin ruwa. Ki saki hannun, an ce akwai iska."

"Ke da jirgin ruwa? Wanki za ki yi musu da ruwan tekun?"

"Ki dai yi ɗinki. Ke da ko tasha ba a taɓa raka kowa da ke ba. In na dawo zan ba ki labari, kya samu na faɗa wa jikoki."

Tela ta ciji zare ta jawo yadin. Kafin rigar ta fito, mai kanti da mai gyaran takalmi da matan layin duk sun ji, daga bakin Yaya Babba, kuma kowa sai da ta haɗa masa da 'yar baƙar magana.

Saura jakar da za a zuba kayan. Lauya ya ce a nemo irin wadda ake rataye kwat a ciki, mai taya, kuma Yaya ce za ta zaɓa tunda ita ta san kaya. Matarsa ta kai ta wani babban shago mai sanyi, jakunkuna tun daga ƙasa har rufi.

Mai shago ya sauko da guda biyu. Ta farko mai laushi ce, mara nauyi, ana naɗe ta kamar tabarma. Yaya Babba ta tura hannu ciki, ta matsa gefenta, ta taɓe baki.

"Wannan buhu ne aka sa wa taya. In aka ɗora mata wani akwati, kwat zai fito kamar an kwana a kansa."

Ta biyun tana da ƙashi a gefuna. Ya buɗe ta a kan tebur, ya nuna maƙalin da ke cafke wuyan hanga, da sanda mai laushi da kaya ke lanƙwasawa a kanta ba tare da sun karye ba, da maɗauran da ke riƙe kafaɗa, da aljihun takalmi a kusurwa. Ta ja zif ɗin ta mayar, ta sake ja. Ta sa aka ɗora ta a sikeli don kada ta cinye nauyin da jirgin sama ya yarda da shi. Ta kama hannun ta zagaya shagon da ita, tayoyin na binta ba ƙara. Har ta ce ya cire kwat ɗin jikinsa a gwada, ya cire yana dariya.

"Mama, kin san kaya," ya ce. "Wannan ai duk wanda ya saye ta ya sallami mai guga. Yadda kika sa kaya haka za ki fitar da su, ko wata guda suka yi."

Talla yake yi, bai san inda maganar ta faɗa ba. Matar Lauya, wadda tun shigowarsu take latsa waya, ta ɗago kai a hankali. Yaya Babba ta ga ɗagowar. Nan take ta gane jakar nan za ta iya cinye mata gurbi.

"Yaya, ke ce gwana," in ji matar, murya kamar zuma. "Wadda kika nuna ita za a ɗauka."

Ga mai laushin nan a gefe. Da ta ce ita, babu mai musa mata, kuma kaya za su isa a yamutse, dole a nemi mai guga. Ta kai hannu ta shafa ta. Sai ta hango Auta yana buɗe jaka a gaban abokansa, kafaɗar kwat ta karye, ana cewa wa ya zaɓa maka wannan. Ta janye hannun.

"A ba mu mai ƙashin."

A mota matar ta ce ya kamata a gwada jakar kafin tafiya, kada a je a ji kunya. Yaya Babba ta goge kwat biyu da fararen riguna, ta jera su. Ko a nan tana da dama. Ta saki maɗauri ɗaya kawai, ko ta bar hannun riga ya naɗe, shi ke nan. Amma hannun da ya saba ba ya jin shawara. Kafin ta gama tunani ta riga ta cusa takarda mai laushi a kafaɗu, ta miƙar da kowane kari, ta ɗaure komai daram.

Jakar ta yi kwanaki a rufe. Matar Lauya ta sa direba ya yi ta yawo da ita a but ɗin mota, ya hau bene da ita ya sauko, har ta sa yara suka zauna a kai. Ranar buɗewa aka taru a falo, da ƙanwar matar, wadda ta zo wai gaisuwa. Yaya Babba ta durƙusa ta ja zif. Ta ɗago kwat ɗin farko, ya sauko sumul, karin wando kamar bakin wuƙa.

"Kai!" in ji Lauya. Ya karɓa ya juya shi gaba da baya. "Yaya, hannunki daban ne. Dubi, kamar yanzu aka sauke shi daga tebur."

Daɗi ya kama ta, har ta fara bayanin sandar da maɗauran. Matar ta bari ta kai aya.

"To ai shi ke nan, an huta. Tunda kaya za su isa haka, me za a wahalar da Yaya a kai? Ga ƙafa, ga jiri, ga gida ba kowa."

Lauya bai ko sauke kwat ɗin ba. Yana duban kwala ya ce, "Kuma fa gaskiya ne. Yaya, kin hutar da kanki. Suna kawai za a canza." Ya juya wajen ƙanwar matarsa. "Ke, fasfonki na nan da rai?"

"Auta," in ji Yaya Babba. Tana durƙushe har yanzu. "Na riga na ɗinka riga."

"Sai ki sa ta a gida, ai ba ta lalacewa." Ya yi dariya, ya dafa kafaɗarta. "Teku ruwa ne kawai, Yaya. Ke da kika yi rayuwarki cikin ruwa, me za ki gani sabo?"

Yara suka kwashe da dariya don babansu ya yi. Ƙanwar matar ta matso ta leƙa cikin jakar.

"Gwaggo, akwai sauran wuri? Ina da dogayen riguna masu saurin yamutsewa. Ki sa min su yadda kika sa nasa."

Ta sa mata. Ta goge su ɗaya bayan ɗaya, ta cusa musu takarda a kafaɗa.

Ranar tafiya aka kai yara gidan kakarsu, aka ba masu aikin cikin gida hutu. Yaya Babba ta fito cikin rigarta mai ruwan bula, ta ce za ta yi rakiya. Ita ta jawo jakar har bakin mota, a hankali, yadda duk layin zai gani. Tela na ƙofar shago, ta ɗaga hannu.

"A sauka lafiya! A gaida kifaye!"

"Za su ji," in ji Yaya Babba, ta shige mota.

A filin jirgi ta jawo jakar har ƙofar da ba a wuce ta sai da tikiti. Lauya ya karɓi hannun, ya tura ta gaba da yatsa biyu, ta tafi sulululu.

"Kin gani? Ko ja ba ta so. Ki kula da gida, Yaya. Labulen falo ma na son guga."

Suka shige. Ta tsaya har ta daina hango su, sannan ta koma mota. Da suka kusa layinsu ta ce wa direba kanta na juyawa, ta kwanta a kujerar baya, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya shigar da motar har cikin gida.

Daga nan ta kulle kanta. Ba ta zuwa kanti, ba ta shanya a waje, ba ta buɗe taga. Abin da ya rage a kicin shi take ci. Ta roƙi maigadi, ita da ba ta taɓa roƙon ma'aikaci ba, cewa duk wanda ya tambaya a ce ta yi tafiya. Ta zauna tana shirya abin da za ta faɗa in lokacin dawowa ya yi: girman jirgin, kalar ruwan, yadda iska ta yi ta kaɗa hannun rigar.

Ana haka wata safiya ta ji muryar Tela a bakin ƙofar gida, sama-sama, yadda za ta ratsa har ɗakin baya.

"Maigadi, ba shiga zan yi ba. Ƙanwar matar gidan ce ta kawo min rage riguna tun kafin su tafi, ta ce ita aka ba gurbin, duk layi an sani. Ga ragowar yadin rigar Yaya Babba. In mai tekun ta farka ka ce mata ta buɗe taga ta sha iska, kada ta ruɓe mana a ciki."

Wasu mata suka yi dariya a bayanta. Yaya Babba na zaune a bakin gado, ta ji komai. Can wayarta ta yi ƙara. Hoto ne Lauya ya turo, yana tsaye cikin kwat, matarsa a dama, ƙanwarta a hagu, ruwa shuɗi a bayansu har iyakar gani. Ta kusanto da wayar ga idonta, ta buɗa hoton da yatsu, ta bi kafaɗa, ta bi kwala, ta gangara har karin wando. Babu inda ya karye.

To kai da ka zauna ka ji, in kai ne a shagon nan, jaka biyu a gabanka, ka kuma ga matar ta ɗago kai, wacce za ka nuna?