Akushin Ƙanena a Daren Cika-ciki

Ni mutum ne mai shegen tambaya, kuma ranar da ta fi shan tambayoyina ita ce goma ga watan Muharram, wadda muke kira Cika-ciki. Tun ina ƙarami nake mamakin yadda rana ɗaya ta kwashi kaya haka. Limamin unguwarmu a Haɗejiya ya ce a ranar ne jirgin Annabi Nuhu ya tsaya bayan ruwan Ɗufana, kuma a ranar ne Annabi Musa ya haye teku da mutanensa. Wani tsohon masunci a bakin kogi ya ƙara mini da cewa a ranar ne kifi ya amayar da Annabi Yunusa. Ya faɗi maganar yana hura hanci, sai ka ce kifin ɗan ƙauyensu ne.

Duk na yarda. Abin da ban gane ba shi ne inda cin tuwo ya shigo. Na tambayi liman, ya ce shi azumi ya sani, ciye-ciyen nan bai gan su a littafi ba. Na tambayi matarsa, ta ce ai shi ne yake fara neman ƙari.

Mahaifiyarmu, Iya, ba ta da wannan shakkar. A wurinta, duk wanda bai ƙoshi ba a daren goma ga wata, to da yunwa zai ƙare shekara. Tun Babbar Salla take yanke wutsiyar ragon layya, ta shafa mata gishiri, ta rataye ta a saman murhu ta sha hayaƙi wata guda. Ranar tara, sai ta sauko da ita ta jefa a miyar kuka da bandar tarwaɗa, ta tuƙa tuwon shinkafa. Duk ɗan da ta haifa sai ya ci daga tukunyar nan, ko da yana da mata huɗu masu girki. Na sha tsokanarta cewa wutsiya ɗaya ba ta isa ta riƙe cikin mutum wata goma sha biyu ba. Amsarta kullum ɗaya ce: in ci in yi shiru.

Da yake watan Musulunci yana zagaya shekara, na ci tuwon nan a zafin bazara, na ci shi da kaka. Sai aka yi shekarar da ya faɗo a tsakiyar damina, bayan kogi ya yi ambaliya ya shanye fadamun Auyo. Gonar shinkafar ƙanena tana ciki. Ko kwano ɗaya bai tsira da shi ba. Ya kai matarsa da ’ya’yansa gidan iyayenta, ya hau motar kudu neman aikin dako. Wannan ne karo na farko da wani daga cikinmu zai yi Cika-ciki nesa da tukunyar Iya.

Na hau babur har inda hanya ta yanke, daga nan kwalekwale ya kai ni ƙauyenmu, inda Iya take. Na tarar da Iya ta rame. Ƙanwata ta raɗa mini cewa kwana uku ke nan ba ta da zance sai cikin ɗanta.

Da muka sha ruwa bayan magariba, aka kawo mini akushina. Na ci har sai da na sassauta mazagin wando. Ina wanke hannu sai ga Iya da kanta da wani akushin, ta dire shi a gabana. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana.

“Kai wannan, ga na ɗan’uwanka.”

“Iya, ai yana kudu.”

“Na san inda yake. Ciki ɗaya kuka fito, nono ɗaya kuka sha. In ka ci, ya ci.”

Na yi dariya har da ƙwalla. Na ce a duk tambaye-tambayena ban taɓa jin inda ake yi wa mutum wakilci a ƙoshi ba. Wa ya koya mata? Ta ce ba kowa, ita ta zauna ta yi tunaninta. Wannan amsar ta ba ni sha’awa ƙwarai, don a gabana ne ake ƙirƙiro sabuwar al’ada, kuma wataƙila haka sauran suka samo asali. Amma cikina ya cika, kuma gaskiya na ɗauki abin shirme. Don in kashe maganar, sai na ce bari mu kira shi ta ji da kunnenta.

Na buga waya, na miƙa mata. Ina jin muryarsa yana ta annashuwa.

“Iya, kwantar da hankalinki! Na ci shinkafa da nama, har na bar saura.”

Ta ce madalla, ta sa masa albarka, ta miƙo mini wayar. Fuskarta dai ba ta saki ba. Na fita zaure inda aka fi samun sabis, na ce, “To ka cece ni, da yanzu an ɗura mini tuwonka.”

Sai ya rage murya.

“Yaya, kar ka gaya mata. Da ruwan leda na buɗe baki. Yau kwana biyu ba a sauke kaya a tasha ba.”

Na tsaya a zauren nan, kunya ta kama ni, tausayi ya kama ni, na rasa wanne ya fi. Na ce gobe da sassafe zan nemi wani ɗan garinmu da ke can ya duba shi. Ya ce to.

Na koma tsakar gida. Iya tana zaune kusa da akushin tana kore masa ƙwari da mafici. Ba ta tambaye ni abin da muka tattauna ba. Na zauna, na jawo shi, na buɗe. A saman tuwon ta ɗora masa gutsuren wutsiya mafi kitse, wanda ya fi nawa girma.

Na yi bisimilla da sunansa, na fara ci. Kowace loma da ƙyar take wucewa. Iya ta matso mini da kofin ruwa.

“Ci a hankali,” in ji ta. “Ba ka ji muryarsa ba? Yaron nan bai ci komai ba.”