Tak Mal-sun, Wadda Suka Kira Tulunta Kabewa

Da hantsin Laraba, 12 ga Nuwamba, 'yarki Hye-rim ta bugo mini waya ta ce kin cika a asibitin garinmu Icheon. Ƙurar yumɓun da kika shaƙa shekara arba'in da ɗaya ce ta cinye miki huhu. Yaya Mal-sun, na yi kuka, amma fushi ne ya zaunar da ni yin wannan rubutu.

Ni Ok-hui, ke kika koya mini haɗa rabi biyu su zama farin tulu mai kama da wata. Shekarar da kwanonina sittin suka tsage a tanderu, na kwana uku ban buɗe ƙofa ba. Kika zo da shinkafa da miyar ganyen teku, da buhun yumɓun da kika ajiye shekara uku yana tsumuwa.

"Ke da Allah ci abinci," kika ce. "Kwano kike wa kuka?"

Ƙungiyar magina tukwanen unguwarmu fa? Shekara ashirin suka hana ki tanderun itacen da kowa ke gashi a ciki, wai mace na ɓata wuta. Kika gina naki a bayan gida, tubali bayan tubali. Da kika kai musu tulunki mai karkataccen wuya, da sawun yatsunki a cikinsa, shugabansu Bang ya zagaya shi yana dariya.

"Baiwar Allah, wannan tulu ne ko kabewa?"

"Shugaba, kabewar ma ai ba ka iya nomawa ba."

Ba su sake gayyatarki baje koli ba. Suka ce kin wulaƙanta aikin kakanni, ke da kika fi su sanin tsoffin tuluna, kike tafiya Seoul ki wuni gabansu a gidan tarihi har ƙafarki ta kumbura.

Jiya sai ga Bang a ɗakin makoki da baƙar kwat. Ya durƙusa gaban hotonki sau biyu, ya kawo fararen furanni da rubutu wai "Abin alfaharinmu". Ko fita bai yi ba ya roƙi Hye-rim tulu goma, za su yi taron tunawa da ke. Yarinyar ta dube ni. Na ce masa ko murfi ba zai ɗauka ba. Furanninsa kuwa da hannuna na fitar da su bakin titi, kuma ban yi nadama ba.

Allah ya jiƙanki, Yaya, ya yafe miki kurakuranki, ya hutar da ƙirjin nan da ya sha tari. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Yeom Du-sik, wanda ya yi ta faskara miki itace ana masa dariya, da Hye-rim, da jikokinki biyu. Allah ya ba su haƙuri. Ni ma ya ba ni, don har yanzu ban same shi ba.