Kofin da Baba Ya Raɗa wa Suna

Ɗana da ke karatu a Kano ya zo hutu kwanakin baya da wani labari da yake ganin zai ba ni dariya. Wai a Amurka akwai wani wasa da ake dukan 'yar ƙwallo da kulki, garuruwansu ne kawai ke karawa ya-su-ya-su, amma duk wanda ya ci sai a ce shi ne zakaran duniya.

"Umma, kin ji ƙarfin hali?" in ji shi. "Ko maƙwabtansu fa ba su gayyata ba."

Na ce masa ya bi a hankali, domin in dai wannan ne laifin, to a gidan kakansa aka fara. Mu ma a Kutama muna da Kofin Duniya, kuma ƙasa mafi nisa da ta taɓa zuwa gasar ita ce Kabo.

Yayana ne ya kawo kofin. Shi ne ɗan fari a gidanmu, mu kuwa asalinmu makiyaya ne. Shanun sun ragu, mun koma noma, amma kunyar ɗan fari tana nan daram. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya ambaci sunan Yaya ba. "Wancan" yake cewa, in kuma ransa ya yi fari ya ce "yaron nan". Ko saƙo ne, ta bakina yake bi, alhali suna zaune tabarma ɗaya.

Da Yaya ya ajiye fartanya ya tafi Kano aikin masaƙa ba da yardar Baba ba, magana ɗaya Baba ya yi: "Wancan ya shiga duniya." A wurinmu wannan ba ƙaramar magana ba ce, ɗan da aka fid da rai da shi ake faɗa wa ita. Inna ta yi kuka har idonta ya kumbura.

Shekaru suka tura, sai ga zamanin tsuke bakin aljihu. Sabulu ya zama abin ɓoyo, sukari sai ranar suna. Masaƙar su Yaya ta yi ta rage ma'aikata har ta rufe ƙofa, ya dawo gida a bayan motar kasuwa da akwatin ƙarfe ɗaya. Ashe a can shi ne golan ƙungiyar ma'aikata, sun taɓa cin wani kofi, da kowa ya kama gabansa aka bar masa shi don ba wanda ke da wurin ajiyewa.

Ina nan ranar da ya durƙusa gaban Baba a zaure, maƙwabta sun cika don yi masa sannu da zuwa. Baba ya amsa gaisuwar yana kallon bango, sannan ya juyo gare ni.

"Tambayi yayanki, me ya kawo mana daga duniyar?"

Yaya ya buɗe akwati. Kaya kala biyu, rediyo marar murfin batir, sai kofin, mai kunnuwa biyu, ɗayan ya lanƙwashe. Baba ya karɓa, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da farce.

"Ko fura ba za ta damu a ciki ba," ya ce. "To, madalla. Yau mun ga kofin duniya."

Zaure ya ɗauki dariya. Kafin magariba har mata masu daka sun ji.

Yaya bai yi zuciya ya koma ba. Ya kama garma kamar mai ramuwar azumi, ya yi aure, ya zauna. Da kaka ta yi, aka kwashe dawa, samari suka rasa abin yi, sai ya tara su ya sa kofin a gasa. Ya samo allo ya rubuta suna mai kyau da fenti: Gasar Matasan Karkara. Har yau ban ga wanda ya taɓa faɗar wannan suna ba, in ban da shi. Kutama ta fitar da ƙungiya biyu, Mainika ɗaya, Gwarzo ɗaya, duniya ta cika. Turakun raga na darbejiya ne, ragar kuwa babu, in ƙwallo ta wuce sai a yi ta musu. An taɓa tsayar da wasan ƙarshe saboda akuyar liman ta kwanta a gaban gola ta ƙi tashi. Shekarar da 'yan Kabo suka zo a a-kori-kura, mai shela ya zaga gari yana cewa bana har da ƙasashen waje.

Ni ke wanke kofin da toka da lemon tsami duk shekara, don haka ni na san abin da ke ran mai shi. Wata rana ina gogewa ya ce da ni, "Duk sanda aka faɗi sunan nan, dariyar zauren nan nake ji." Abu ɗaya yake nema a rayuwarsa, ya ji Baba ya janye waccan magana ya sa masa albarka. Ya cika rumbu, shiru. Ya sake wa Baba rufin ɗaki, shiru. Baba bai taɓa taka filin ba, sai dai duk kaka ya tare ni da tambaya, "Wa ya ci kofin duniyar bana?" Ni kuwa haushi yake ba ni, ina ganin tsohon nan bai gaji da tsokana ba. Tausayin Yaya ya sha hana ni cin abinci.

Haka muka tafi har Shari'a ta zo. Gari ya ɗauki murna, kowa na neman abin da zai gyara, wanda bai samu a gidansa ba ya leƙa na maƙwabci. Gasar ma ta sha gyara: wando ya sauko ƙasan gwiwa, ana jin kiran la'asar alƙalin wasa ke hura usur ko da ƙwallo na bakin raga. Sai aka zo kan suna. Dattawa suka taru a zaurenmu, saboda ƙafar Baba ta daina zuwa nesa. Ni kuma na zo gida wankan jego, ina bayan asabari da jaririya, kunnena tar.

Wani matashin malami ne ya buɗe magana, mutumin kirki, ɗalibansa ma suna cikin 'yan wasan. Ya ce duniya gidan ruɗu ce, bai dace a tashi yara suna gudu suna faɗuwa wai don su ci duniya ba. Ga kuma samarin da ke kallon talabijin a Gwarzo sun ga na gaskiyar, suna yi mana dariya. Ya kawo shawarar a ce Kofin Zumunci.

"Na amince, Malam," Yaya ya faɗa tun kafin a rufe baki. Na ji sauƙi a muryarsa, kamar wanda aka cire wa ƙaya.

Sai Baba ya yi gyaran murya.

"Wa ya raɗa wa abin nan suna?"

Bai jira amsa ba.

"Ni ne. To a garinku, in uba ya raɗa suna, maƙwabta ke taruwa su sauya?"

"Allah ya ba Baba haƙuri," in ji malamin yana murmushi, "ai kofi ne, ba ɗa ba."

"Na san kofi ne, ni na fara ƙwanƙwasa shi. Wancan ya tafi duniya, ya dawo da ƙafarsa ya kama garma. 'Ya'yan wasu sun tafi, har yau ko takalminsu ba a gani ba. In yaranku za su koyi wani abu game da duniya, su koyi wannan. Ku bar masa sunansa."

Malamin ya ce ya janye, tun da wanda ya raɗa sunan yana raye. Aka yi addu'a, aka watse, Yaya ya bi su da tabarmi.

Na kasa haƙuri. Na shiga da ƙwaryar ruwa na durƙusa.

"Baba, ashe ba ba'a kake yi ba duk shekarun nan?"

"Ranar farko ba'a ce," ya ce. Ya sha ruwan, ya daɗe yana kallon ƙwaryar. "Ke yarinya ce. Nasa sunan ba ya faɗuwa a bakina. Na kofin nan kuwa ina faɗar sa a kasuwa, ina faɗar sa a ƙofar masallaci, kowa ya san wa nake nufi."

Inuwar mutum ta tsaya a bakin zaure. Yaya ne ya dawo ɗaukar sauran tabarma. Baba ya gan shi sarai, sai ya mai da fuska bango kamar yadda ya saba.

"Ki ce wa mai kofin, Allah ya yi masa albarka."

Wannan ne saƙo ɗaya da ban isar ba. Kafin in buɗe baki na ji amin daga bakin ƙofa, ni kuwa hawaye ya ƙwace mini.

Da kaka ta zagayo, Yaya da hannunsa ya kankare allon ya rubuta Kofin Duniya da manyan baƙaƙe. A shekarar Mainika ta lallasa mu, aka ɗauke kofin a kan babur, shi kuwa ya fi kowa tafi.