Motar da Kawu Ya Yi Saurin Gyarawa

Kawuna direban tasi ne, shekara ashirin da bakwai yana riƙe da sitiyari, amma a tasha ba mai ce masa direba. Mai Tsumma suke kiransa, don tsumman goge mota ba ya barin kafaɗarsa. Fasinja ya kuskura ya taɓa gilashi da yatsa, kafin ya sauka Kawu ya goge wurin yana tsaki. Mu 'ya'yan ƙannensa mun sha faɗa har mun gode Allah: kar a ci komai a ciki, kar a buga ƙofa, kar a jingina. Matarsa kan ce da ita ake shafawa haka kowace safiya, da har yau ba ta tsufa ba.

Inshora kuwa bai taɓa bari ta ƙare ba. Duk shekara zai sabunta, ya sa a liƙe takardar da leda, ya jefa ta aljihun mota. A saninsa abar nuna wa ɗan sanda ce a hanya. Ko layi ɗaya bai taɓa karantawa ba.

Wata Alhamis da hantsi, a kwanar kasuwa, ya kauce wa rami sai ya bugi wani tela da ke kan keke da ƙunshin yadi a baya. Laifin Kawu ne, kuma bai yi musu ba. Ya ɗauki mutumin da kansa ya kai shi asibiti, jini na zuba a kujerar da ko gyaɗa ba a ci a kanta, bai ko kalli wurin ba.

Likita ya ce wuyan hannun dama ya karye mummunan karaya. In ba a yi aiki cikin mako guda ba, yatsun za su sandare. Tela ne fa, mai 'ya'ya biyar, da hannun nan yake riƙe almakashi. Kuɗin aikin kuwa ko dangi duka sun haɗu ba za su iya ba.

Kawu ya ce zai sayar da motar. Amma wai shi ba zai kai ta kasuwa da lotsattsen goshi ba. Ranar da yamma ya kai wa mai gyaran jikin mota, ya tsaya a kansa har aka buga, aka yi fenti, aka canja fitila. Masu saye kuma da suka gane a matse yake, sai suka riƙa taya ta da abin da bai kai rabin kuɗin aikin ba. Kwana uku suka tafi a haka.

Ni ya sa in kwashe masa tarkacen aljihun motar. To ni aikina buga takardu ne a shagon kwamfuta, ba na iya ganin rubutu in wuce shi. Na karanta, na sake karantawa.

Na ce, "Kawu, ka san takardar nan ta ce in ka ji wa wani rauni da motar, su za su biya asibiti?"

"Su wa?"

"Mutanen da kake kai wa kuɗi shekara ashirin da bakwai!"

Ya ce, "Ke 'yar nan, ban son wasa." Sai da na karanta masa sau uku, ina bin layin da yatsa.

Washegari muka je ofishinsu. Wata ma'aikaciya mai tabarau ta fito ta zagaya motar, ta duƙa, ta shafa goshin, ta sake zagayawa.

Ta ce, "Baba, wannan ce motar da ta yi hatsari?"

Kawu ya washe baki. "Kin ga ko alama?"

Wallahi kamar in nutse. Ta ce ai matsalar ke nan, ba a taɓa mota sai sun gani da idonsu. Ba hoto, ba lotsewa, sai dai a yi bincike, shi kuma yana cin mako uku. Mu kwana uku suka rage mana. Na ga fuskar Kawu ta faɗa, ya tsaya yana murza tsummansa, sai tausayinsa ya kama ni, duk da haushin da nake ji.

Muka koma garejin mai gyara ko zai yarda ya ba da shaida. Yana ƙarƙashin wata mota ya ji bayaninmu, ya fito yana dariya har da riƙe ciki.

Ya ce mini, "Kawun nan naki, duk ranar da ya kawo mota sai na ɗauke ta hoto ta ko'ina kafin in taɓa. In ba haka ba, ina gamawa zai ce ni na ƙara mata ƙwarzane. Shekara goma muna wannan rigima."

Hoto goma sha ɗaya ya nuna mana a wayarsa, ga lambar mota, ga fasasshiyar fitila, ga shuɗin fentin keken tela a jikinta, kowanne da kwanan wata. Kawu ya ce, "Ashe zargina kake yi?" Mai gyara ya ce, "Zargin nawa ne zai fisshe ka, Mai Tsumma."

Muka haɗa da takardar likita da rahoton 'yan sanda, muka mayar wa mai tabarau. Matar nan Allah ya yi mata albarka, da kanta ta bi takardun ofis ofis. Ana saura kwana ɗaya wasiƙarsu ta isa asibiti, aka shiga da tela ɗakin tiyata.

Bayan mako shida aka kwance masa hannu. Muna tsaye a ɗakin, ni da Kawu da matar telan. Likita ya ce tela ya gwada damƙar wani abu. Kafin a miƙo komai Kawu ya ba shi nasa hannun.

"Matse, Malam."

Tela ya matse a hankali.

"Haba, haka kake riƙe almakashi? Matse da ƙarfi!"

Tela ya cije baki ya matse, har Kawu ya yi ƙara ya ce wayyo. Muka fashe da dariya, likita ma ya dara. Kawu dai bai janye hannunsa ba. Hawaye na bin fuskarsa yana cewa, "Ƙara, don Allah ƙara."