Sawun karkanda a kan taburina

Ban taɓa riƙe alƙalami ba. Jikata ce ke rubuta wannan, na kuma ce mata in kuka ya zo mini ta ajiye biro ta jira ni.

Mijina Malam ya rasu cikin shekarun alif ɗari tara da tamanin, muna zaune a Vaulx-en-Velin kusa da Lyon, hawa na shida. Allah ya jiƙansa, har yau ban saba da rashinsa ba. Ɗiyarmu guda ce. Tana karatun namun daji a Paris, rasuwar kuma ta same ta can wani tsibiri da ake kira Sumatra, cikin kurmi. Sai bayan sadakar bakwai labari ya kai gare ta. Ta dawo ta tarar da ni cikin takaba, ta rame, ƙafafunta duk tabon matsattsaku.

Karkanda ta je nema, wata bakwai tana can. Na ce ai na san ta a hoto, ƙatuwa kamar ɗaki. Ta ce a'a Inna, ta kurmi daban ce. Tsawonta bai wuce ƙirjin mutum ba, jikinta da jan gashi kamar ɗan maraƙi, ƙahonta biyu, na baya ɗan tsiro kawai. Wuni take cikin taɓo don ƙuda da zafi. Takan lanƙwasa ƙaramin icce ta cinye ganyen kansa. Ita kaɗai take yawo, macen ta fi shekara da ciki, ɗa guda take haifa. Maharba sun kusa ƙarar da su saboda ƙahon.

Wata Hajiya daga Rillieux-la-Pape ta zo mini gaisuwa tana ji. Ta ce, "To ke ƴar nan, guda nawa kika gani?"

"Ko ɗaya, Hajiya. Kashinta na gani da sawunta."

"Wata bakwai? Da kin faɗa mini ai da na kai ki garken kawuna a Maradi, kashi har ki gaji."

Ranar ce na fara dariya tun da aka fita da Malam.

Sawun ta zo da su cikin jaka. In sun ga sawu a laka sai su zuba farar ƙasan nan da likita ke ɗaure karaya da ita, in ta bushe su ɗaga. Guda huɗu ta jera mini a kan taburin cin abinci, kowane da yatsu uku. Biyu manya, biyu ƙanana, duk daga kwari ɗaya. Ta ce manyan na namiji ne, ƙananan na mace. In haka ne akwai sa ran haihuwa, malaminta kuma zai sake tura ta, wannan karon shekara biyu.

Shekara biyu. Na dubi kujerar Malam.

Mai takaba ba ta fita, sai shara da goge-goge. Kullum ina ɗaga sawun nan in goge ƙarƙashinsu. Babana can wajen Tahoua mai bin sawu ne, in an sace raƙumi ko saniya shi ake kira, mu kuma a hannunsa muka tashi. Rana ta uku yatsana ya faɗa cikin wata ƴar tsaga a farcen waje na babban sawu. Na ɗauki ƙaramin, tsagar na nan, wuri ɗaya. Yatsan tsakiya ya karkata ciki, a duka biyun. Babban ya fi zurfi ta gaba, yatsun sun buɗe. Haka kofaton saniya ke yi in tana gangara cikin laka mai laushi da damina. Dabba ɗaya ce. Ba ta da kowa a kwarin nan.

Gabana ya faɗi, don abin da zuciyata ke so ke nan. In ɗaya ce ba za a tura ɗiyata ba. Na shiga tambayar kaina, abin da ke nan na gani, ko abin da nake roƙo? Na rufe ido na shafa, na cakuɗa su na sake shafawa. Kwana tara ina haka, abinci ya ƙi shiga. In na yi shiru, za ta tafi ta zauna shekara biyu tana jiran ɗan da ba zai zo ba. In na faɗa, za ta ce kaɗaici ne ke magana.

Na faɗa mata, haka kuwa ta ce. "Inna, in ba ki so in tafi, ki ce ba ki so. Kada ki kashe mini namijin da bakinki."

Na ce, "Kawo yatsanki."

Ta ƙi. Ta kwashe su ta koma Paris, sati uku ba tarho. Bayan na fita takaba ta kira, gaisuwar ma a gajarce, ta ce malaminta na son ganina.

Na hau jirgin ƙasa ni kaɗai, karon farko ba Malam a gefena, na yi ta kuka cikin mayafi. Na sauka gidan ƙanensa a Belleville, cikin Paris. Da safe ɗiyata ta kai ni wani biro, wato ofis, mai warin magani. Malamin tsoho ne Bature, ya jera sawu goma sha biyu daga kwaruruka dabam-dabam, yana kife takardun da ke manne da su. Ɗiyata ta ce masa da Faransanci ba sai ya wahala ba, ni ban iya karatu ba. Ya yi ja har kunne.

Na yi bisimilla, na yi yadda babana ke yi, ban dubi girma ba, na bi tafiyar. Na ware huɗu gefe guda na ce wannan ƙafa ɗaya ce, ta baya ta hagu. Ya juya takardun. Su ne na kwarinta. Ya ɗauko abin awo ya daɗe a kan tsagar, sannan ya cire tabarau ya ce, "Merci, Madame," kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa. Ɗiyata ta fassara mini sauran tana kallon taga: ba za a sake tura kowa kwarin ba.

Tare muka koma Lyon. Ta sayo mini shayi cikin jirgi, ta gyara mini mayafi. Da muka yi nisa sai ta juyo gare ni.

"Inna, da a ce biyu ne, ke kaɗai kika gani, da kin ce biyu ne?"

Na buɗe baki in ce i, ya ƙi fita. Ta jira har muka shiga gar, tashar jirgi. Ta ɗauki jakata ta riƙe mini hannu muka sauka, ta zauna tare da ni shekarar da wadda ta biyo bayanta. Ba ta sake tambayata ba, ni kuma har yanzu ban san amsar ba.