Na Ɗauki Lissafi Taswirar Kogi

Assalamu alaikum, Edita. A shekarar da hare-hare suka tsallako kogin Komadugu, ni ɗan kasuwar tattasai ne a Diffa, shekaruna arba'in da ƴan kai. Ban taɓa zama ajin lakwal, wato makarantar boko, ba, amma ina ganin babu abin da ke wuce idona. Da aka hana cinikin tattasai, aka hana hawa babur, sai muka koma zaman rumfa, ba mu da aiki sai ƙirga baƙin fuska. Kullum da labarin ƙauyen da aka ƙona a bakin kogi, kuma kowa ya yarda akwai masu nuna wa maharan hanya daga cikin gari. A wannan hira na fi kowa baki.

A lokacin ne na sauki wani ɗan gudun hijira da matarsa a ɗakin da nake ajiye buhuna. Daga tsallaken Najeriya suka zo. Mutum ne siriri, marar yawan magana. Na tambaye shi sana'arsa, ya ce noma, alhali tafin hannunsa ya fi na matata laushi. Tun ranar na sa masa ido. Ba ya zuwa rumfa, bayan la'asar sai ya zauna bakin ƙofa da littafi da biro, in na doso ya rufe.

Wata rana sun tafi karɓar abincin agaji, na shiga ɗakin wai neman igiya, na ɗaga tabarma. Shafi bayan shafi abu ɗaya ne: layi biyu sun gicciye, wani ya lanƙwaso kamar ƙwarya ya ratsa na kwancen a wuri biyu, an yi wa wuraren alama, an baƙanta tsakaninsu da biro, ga lambobi da haruffa. Na ce wannan lanƙwasar kogi ce, alamun nan biyu mashigai ne, inda aka baƙanta kuwa unguwar da za a faɗa wa. Akwai malamin lakwal a layinmu, gida uku tsakaninmu, ban nuna masa ba. Tsoro na ji, gaskiya, amma har da son a ce ni na gano. Na yage shafi uku na kai wa jami'an tsaro, na ƙara gishiri da maganar hannunsa da ɓoye-ɓoyensa.

Kashegari da hantsi motar jami'an tsaro ta tsaya a ƙofar gidana, aka fito da baƙon nawa. Bai yi gardama ba. Ya dai juyo ya roƙe ni in kula masa da iyali kafin ya dawo, na ce to. A wancan lokaci tara mutane ake yi a wuce da su Yamai, bincike sai daga baya. Matar ta jira wata biyu, sannan ta tattara ta koma wajen danginta a sansanin gudun hijira na Assaga.

Bayan shekara uku ƴata ta shiga lise, wato babbar sakandare. Na dawo daga kasuwa da azahar na tarar da ita a tsakar gida tana zana wannan ƙwarya, har da alamun biyu da baƙin tsakiya. Na daka mata tsawa, na ce wa ya ba ta wannan abu. Ta yi dariya, ta ce lissafi ne. Wai in lamba ta ninka kanta, zanenta haka yake lanƙwasa. Inda ya ratsa layi su ne amsoshi biyu, inda aka baƙanta kuma nan ne lissafin ya faɗi ƙasa da sifili. Ta ce kowane ɗan ajinsu littafinsa cike yake da irinsa. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Na je Assaga, na sami matar a wata bukkar kara da leda. Ta gaya mini mijinta malamin lissafi ne a makarantar sakandare, sun gudo ne bayan an yanka abokan aikinsa saboda karatun boko. Shi ya sa ya ɓoye sana'arsa, don ko a Diffa bai san wa ke saurare ba. Zanen kuwa yana yi ne kada hannu ya manta, ko Allah zai sa ya sake samun aji. Saƙo ɗaya ta samu daga gare shi tun tafiyarsa, daga nan shiru. Ta kawo mini ruwa, ta ce duk garin ni kaɗai na riƙe su da amana, ta ɗaga hannu ta roƙi Allah Ya tona asirin wanda ya kai ƙarar mijinta. Na ce amin.

Har yau ban sani ba ko yana raye, kuma har yau ban iya gaya mata ba. Abin da na koya da tsada shi ne, mai tsoro in bai san abu ba, abin da yake tsoro yake gani a ciki. Masu karatu, kai rahoto a lokacin fitina ba laifi ba ne, amma kafin ka ambaci sunan mutum, ka nemi wanda ya fi ka sani ya duba maka. Wancan bawan Allah ya tsere wa wuƙar masu kashe malamai, ni da na ba shi ɗaki na miƙa shi.