Agogon Baba Ya Koma Deira

Litinin: daga Kano

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba ƙanina Habu ya ɗauke ni daga Fagge zuwa filin jirgi. Saro abaya zan je Dubai, amma babban saƙon yana cikin jakar hannuna: agogon Baba. Tun ina yarinya agogon nan yake gaba da na kowa da awa uku, don da hasumiyar agogo ta Deira, a Dubai, yake saita shi duk zuwansa fatauci. Idon Baba ya mutu bara, bana agogon ya tsaya, shi kuma ya daina cin abincin kirki. Ya ce in kai wa amininsa Alhaji Sani da ke can ya gyara, a saita shi a gaban hasumiyar. A raina na ce rigimar tsufa ce kawai.

Mun ya da zango na awa huɗu a Addis Ababa, sai Talata muka sauka.

Talata: Al Ras

Na kama ɗaki a unguwar Al Buteen, ɗan tsukuku kamar akwati, na sha shayi da gurasa. Ƙarfe goma na sami Baba Sani a shagonsa na gyaran agogo a unguwar Al Ras, tsakanin masu kayan ƙamshi. Ya daɗe yana juya agogon a tafin hannu kafin ya buɗe shi. Awa biyu ya yi a kai, sai na ji ƙas-ƙas.

"Khalas, an gama, 'yata. Yalla, mu je hasumiya."

"Baba Sani, ga waya, ai lokacin ɗaya ne."

"Ubanki Ilu ya ce miki waya?"

Na ɗauki jakata na bi shi.

Tasi ta kai mu cikin minti ashirin. Ni da na zaci wani tsohon gini zan gani mai taɓa gajimare, sai ga ƙafafu huɗu sun ɗaga agogo a tsakiyar shatale-tale. Baba Sani ya ce a da mutanen garin da cikar teku da kiran salla suke sanin lokaci. Da aka gina gada a kan ruwan da ya ratsa garin, aka kafa hasumiyar, duk baƙon da ya sauka ita ke tarbarsa. Gishirin teku ya ci ƙarfenta, aka sake gina ta.

Yana murza agogon Baba na hango nasa: goma saura, alhali hasumiya na cewa ɗaya saura.

"Naka ma ya lalace?"

"Na Kano ne. A nan muka rabu da ubanki, shi ya koma gida, ni na zauna. Ya riƙe lokacina, na riƙe nasa. In na duba, na san abin da yake yi."

Kunya ta kama ni, hawaye suka zubo min a bakin titi.

Juma'a: gida

Ƙarfe huɗu na yamma na shiga gida, alhamdulillahi, Allah Ya saka wa Baba Sani da alheri. Habu ya kai hannu wai zai mayar da agogon lokacin Kano, na doke hannun. Na ɗaura wa Baba, ya kara a kunne.

"Ƙarfe nawa?"

"Bakwai, Baba."

"Sani ya idar da magariba, yana shan shayi. Nasa fa?"

"Huɗu."

Ya yi murmushi, ya ce a kawo masa tuwo.